Tsakanin Haƙuri da Sakaci: Darasin Motar Wasa a Daminar Ogba

Gabatarwa

Hausawa kan ce haƙuri maganin zaman duniya, kuma da wuya a sami wata kalma da muke yawan miƙa wa juna kamar wannan. Wanda aka yi wa rasuwa haƙuri ake ba shi, wanda aka ci wa amana haƙuri ake ba shi, haka nan wanda ruwa ya shiga ɗakinsa ya jiƙa masa katifa da buhun shinkafa. To amma duk maganin da aka ce yana warkar da kowace irin cuta, ya kamata mai hankali ya tsaya ya dube shi da kyau, domin kuwa ko dai magunguna ne da yawa aka tara su a ƙarƙashin suna ɗaya, ko kuwa wasu daga cikin masu shansa sabawa kawai suke yi da ciwon, su ɗauka sun warke.

Tambayar da wannan ɗan rubutu zai yi ƙoƙarin amsawa ita ce: yaushe ne jure wa masifa yake zama halin kirki, yaushe ne kuma yake komawa sakaci, ko ma zalunci ga maƙwabci? Tambayar ta same mu ne a tsakar wani gidan haya a Ogba, cikin birnin Ikko, muna tsaye cikin ruwa iya ƙwauri. Abin da kuma ya taimake mu wajen warware ta, wata 'yar motar wasa ce ta wani yaro, irin wadda ake tuƙawa da rimot. Muna roƙon mai karatu kada ya raina misalin kafin ya ji inda ya dosa.

Mu da Ruwan Ikko

Zaman Hausawa a wannan yanki ba na jiya ba ne. Layin dogo da ya tashi daga Ikko ya isa Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, ta Agege ya ratsa, kuma gonakin goron da ke kewaye da garin su ne suka jawo fatake suka kafa Zango. Bayan goro sai cinikin shanu, wanda har ya sa mayankar Oko-Oba da kasuwar Kara ta bakin kogin Ogun suka zama wuraren da ake jin Hausa kamar a Kurmi ko Wudil. Daga Agege ne 'ya'ya da jikoki suka bazu zuwa unguwannin da ke maƙwabtaka, cikinsu har da Ogba, mai masana'antu da gidajen haya.

Mu mutanen ƙasar da ake fita roƙon ruwa ne. A gida, in hadari ya haɗu, murna ake yi. A Ikko kuwa damina biyu ce a shekara: ta fari daga wajen Afrilu zuwa Yuli, sai ruwa ya ɗan tsagaita a Agusta, sa'an nan ya dawo a Satumba da Oktoba, abin da ake samu kuma ya kai kusan ninki biyu na wanda Kano take samu. Ogba a kan tudu take in an gwada ta da Lekki ko tsibirin Ikko, saboda haka teku ba ya zuwa mana, haka kuma ruwan da ake saki daga madatsar Oyan, wanda yakan mamaye Isheri da Kara, ba ya iso mu. Ambaliyarmu ta kwata ce. An shafe ƙasa da siminti da kwalta har ruwa ya rasa inda zai nutse, magudanan da za su kwashe shi kuma sun cushe da leda da robobi da yashi. Waɗanda suka ga ranar Lahadi 10 ga Yuli, 2011, sa'ad da ruwa ya wuni yana zuba aka yi asarar rayuka a birnin, ba su manta ba. Mu kuwa ranar da ta tsaya mana a rai ita ce Laraba 3 ga Yuli, 2024.

Gidan da muke haya mai ɗakuna goma ne suna fuskantar juna. In kwatar titi ta cika, ruwa yakan shigo ta ƙofar gida, ya ratsa tsakar gida, ya fita ta wata 'yar rariya a gindin katangar baya. A ranar nan rariyar ta kasa, ruwa ya haura dokin ƙofa ya shiga ɗakuna. Ana cikin ɗaga katifu da akwatuna, sai muka hangi ɗan ƙanwarmu, yaro ɗan shekara 13 mai zuwa koyon aiki wani gareji a Agege ranakun hutu, ya hau kujera yana ɗora motarsa a saman kabad, alhali jakar littattafansa tana yawo a kan ruwa. Motar ta gwanjo ce, ya saye ta a kasuwar Katangowa da kuɗin da ya daɗe yana tarawa. Washegari, muna shanya kaya muna kwashe laka, sai ga shi a gefe ya baje ta da sukuddireba a hannu. Ranmu ya ɓaci, muka ce masa, “Kai yaron nan, gida ya cika da laka, kai kana nan kana wasa?” Ya ce, “Kawu, ku yi haƙuri, gyara nake yi. Ƙafarta ɗaya ce ta yi tauri, shi ya sa duk ta sha kwana sai ta kife.” Muka tsuguna don mu ƙwace ta, sai muka ɓuge da sauraron bayaninsa.

Yadda Ƙafar Mota Take Aiki

Motar an yi ta ne a kan kashi ɗaya cikin goma na babbar mota ta gaske, kuma kowace taya tana da abin da bakanike yake kira sifirin da shokazoba. Sifirin waya ce mai ƙarfi da aka murɗa, ita take ɗauke da nauyin mota, in taya ta hau dutse ta matse, in ta sauka ta miƙe. Wani masani ɗan Ingila, Robert Hooke, ya bayyana ƙa'idarta tun a 1678, wato gwargwadon nauyin da aka ɗora mata, gwargwadon matsewarta. Sai dai ƙa'idar tana da iyaka. In nauyi ya wuce ƙima, wayar takan lanƙwashe ta ƙi komawa yadda take.

Sifirin ita kaɗai ba ta isa ba, domin duk ƙarfin da ta karɓa ajiye shi take yi, ta mayar da shi cif-cif. Motar da ba ta da komai sai sifirin, in ta taka dutse ɗaya sai ta yi ta tsalle kamar fara. Wannan ne aikin shokazoba. 'Yar kwalba ce cike da mai, a cikinta akwai fistin mai 'yan ƙananan huji. Duk lokacin da taya ta motsa, dole man ya kutsa ta waɗannan huji, wannan kutsawa ita take rage gaggawar motsin, ta mayar da ƙarfin bugun ya zama ɗan ɗumi ya watse. In man ya yi kauri da yawa, taya ba za ta dawo wurinta ba kafin ta gamu da dutse na gaba, sai motar ta yi ta nutsewa har ta sandare. In ya yi ruwa-ruwa da yawa, tsalle ya dawo.

Akwai kuma wani zobe da ake murzawa a jikin kwalbar don a ɗaga mota ko a sauke ta. In an ɗaga ta ainun, ba za ta goga ciki a ƙasa ba, amma nauyinta ya koma sama, tana shan kwana sai ta kife. In an sauke ta ainun, kowane tsakuwa sai ya doki cikinta. Gwanin saiti yakan bar mota ta ɗan zauna da nauyin kanta, kamar rubu'i ko sulusin iyakar motsin ƙafarta, don taya ta sami damar hawa tudu ta kuma sami damar sauka rami. Gwajin da yaron ya nuna mana shi ne, ya ɗaga ta kamar taƙi ɗaya daga ƙasa ya sake ta. In ta yi tsalle, da saura. In cikinta ya bugi ƙasa, da saura. In kuwa ta sauka ta ɗan durƙusa sau ɗaya ta miƙe ta tsaya, to saiti ya yi. Ya ƙara da cewa maigidansa a gareji ya hore shi kada ya taɓa abu biyu a lokaci ɗaya, don in an gyaru ya san abin da ya gyara, in an ɓata ya san abin da ya ɓata.

Haƙuri ba Iri Ɗaya ba ne

Da muka koma kan aikin laka, sai muka ga ai yaron nan ya zayyana mana halayen mutane ne a gaban masifa, kuma uku daga cikinsu duk da sunan haƙuri ko jarunta suke yawo.

Na farko shi ne mai tauri. Shi ba ya yarda ya lanƙwasa ko kaɗan, gani yake yi duk wani sassauci gazawa ne. Irin wannan mutum in ruwa ya shigo masa, ba ya tambayar daga ina ya zo ko ina za shi, katanga kawai yake tunani. Motar da ƙafarta ta sandare, bugun da ta ƙi karɓa jikinta ne yake karɓa, har wata rana ƙashin bayanta ya tsage.

Na biyu shi ne mai haƙurin sifirin. A ido ya jure, bai ce uffan ba, har ana yabonsa. Amma ajiya ya yi. Duk abin da ya haɗiye yana nan, ranar da nauyi ya ɗaga zai mayar da shi gaba ɗaya, kuma sau da yawa a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Magidancin da ya wuni yana kwashe ruwa bai yi ƙorafi ba, da dare ya mari yaro saboda ya zubar da shayi, wannan ba haƙuri ya yi ba, ƙullaci ya yi. Al'umma ma takan yi irin wannan ajiya. Duk Bahaushen da ya daɗe a Ikko ya san abin da ya faru a Ketu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, inda saɓanin da ya kamata a kashe a zaune ya tashi ya ci rayukan Hausawa da Yarabawa waɗanda jiya suke ciniki tare. Ashe ke nan gardama a kan kwata tsakanin maƙwabta biyu a wannan birni ba ƙaramin abu ba ne.

Na uku shi ne mai laushi, wanda cikinsa ya riga ya kwanta a ƙasa. Kowace damina yakan ɗora gadonsa a kan bulo huɗu, ruwa ya shigo ya fita, ya ce ƙaddara ce. In an fara yayyafi shi ne farkon mai juye kwandon shararsa a kwata don ruwa ya tafi masa da ita. Irin wannan ya wuce iyakar da Hooke ya faɗa, ya lanƙwashe ya daina komawa. Ƙaddara gaskiya ce, ba ma musun wannan. Amma ruwan sama ne ƙaddara, ledar da ke cikin kwata kuwa hannu ne ya jefa ta, kuma Hausawa da suka ce haƙuri maganin zaman duniya su ne dai suka ce rigakafi ya fi magani.

Haƙuri na gaskiya, a fahimtarmu, shi ne wanda ya haɗa aikin sifirin da na shokazoba. Ya karɓi bugun ya durƙusa, domin wanda bai durƙusa ba karyewa zai yi. Ya narkar da zafinsa a hankali ta hanyar aiki da magana da yafiya, don kada ya taru. Sa'an nan ya miƙe ya koma tsayuwarsa kafin bugu na gaba ya iso. Durƙuso ɗaya, ba tsalle, ba kwanciya.

Ƙafa Huɗu, Jiki Ɗaya

Da a nan maganar ta tsaya, da ta zama wa'azin gyaran zuciya kurum. Amma bayan kwana uku 'yan hayar gidanmu suka zauna, aka kawo shawarar a haɗa kuɗi a sayi bulo da siminti da tifa guda ta yashi, a ɗaga ƙofar gida da layi biyu na bulo, a cike tsakar gida, ta yadda ruwan titi ba zai ƙara shigowa ba. Mai gidan ya yarda. Kowa kuma ya san abin da ba a faɗa ba, wato ruwan da muka hana shiga zai gangara ne zuwa gida na gaba, inda wata tsohuwa Bayarabiya mai sayar da kayan miya take zaune da jikokinta. Iya muke ce mata. Ɗakinta ya fi namu gangare.

Masu goyon bayan shawarar ba mugaye ba ne, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suka ce kowa yana da hakkin kare dukiyarsa da iyalinsa. Suka ce ruwan nan ba mu muka yi shi ba, ba mu muka toshe kwatar ba. Suka ce ai ruwan da yake shigo mana ma, na gidajen da ke sama da mu ne, waɗanda suka ɗaga ƙofofinsu tuntuni ba tare da sun nemi izninmu ba, in kowa ya yi, don me mu kaɗai za mu zama jujin unguwa? Ɗaya daga cikinsu, mai jariri ɗan wata huɗu, ya dube mu ya ce, “Malam, kana so in zaɓi tsohuwar da ba ni da dangantaka da ita a kan ɗana?” Ba mu da amsa mai sauƙi, kuma har yau ba ma ganin laifin tambayarsa.

Abin da muka iya cewa shi ne abin da muka gani a hannun yaron nan. Motarsa tana kifewa ne don ƙafa ɗaya ta fi saura tauri. Ƙafar da ta ƙi lanƙwasawa ba ta rage nauyin mota da komai ba, ta dai tura shi ne kan 'yan'uwanta, har wata ta ɗaga sama wata ta nutse, jiki duka ya wuntsila, har da ita mai taurin. Ruwa ma haka yake, ba ya ɓacewa don an rufe masa ƙofa. Lissafinsa kuma a fili yake. Ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. In an yi ruwa milimita 100 a kan fili mai murabba'in mita 500, an sami lita 50,000 ke nan, wato duro 250 irin mai cin lita 200. In filin nan duk siminti ne, waɗannan duro sai sun je wani wuri. Tambayar ɗaya ce, ɗakin wa?

A nan ne muka gane cewa hujjar “kowa ya yi” ita ce ainihin cutar. Gida na farko ya ɗaga ƙofa, na biyu ya ɗaga fiye da shi, na uku ya cike filinsa, kowa ya yi abin da ya ga dama cikin haddinsa, a ƙarshe ruwan titi duka ya taru a ɗakin wanda ya fi kowa talauci, domin shi ne ba shi da kuɗin bulo. Babu wanda ya yi niyyar zaluntarsa, amma an zalunce shi. Malamanmu suna karantar da wata ƙa'ida mai ma'anar cewa ba a kawar da cuta ta hanyar ɗora irinta a kan wani. Hakkin mutum ne ya kare ɗakinsa, wannan ba gardama. Inda hakkin ya ƙare shi ne inda kariyar ta zama juye masifarsa a kan wanda ya fi shi rauni.

Bayan doguwar muhawara aka tsaya a tsakiya. Aka ɗaga dokin ƙofar kowane ɗaki da bulo ɗaya, don jarirai da katifu su tsira. Aka bar ƙofar gida yadda take, aka faɗaɗa rariyar baya aka sa mata raga, don ruwa ya ratsa ya wuce. Aka ɗaga soket-soket sama, aka yi alkawarin duk wanda yake gida ya kashe wuta daga mita da zarar ruwa ya fara shigowa. Takardu masu muhimmanci aka ƙulle su a leda aka kai sama. Aka kuma dage da tafasa ruwan sha, domin a watan Yuni na shekarar 2024 cutar amai da gudawa ta ɓulla a Legas. Sa'an nan aka sa ranar Asabar ta yashe kwata, mu da jikokin Iya da duk wanda ya ga dama.

Kada mai karatu ya ɗauka abin ya zo da sauƙi. Da ruwan Satumba ya dawo, tsakar gidanmu ta sake cika iya idon sawu, mata suka kasa hura wuta har la'asar. Mutumin nan mai jariri ya tashi daga gidan da hayarsa ta ƙare, bai yi mana sallama ba. Iya kuwa ba ta san an yi wannan zama ba, balle ta gode.

Kududdufi da Hikimar Magabata

Wannan dabara ta bar wa ruwa wuri ba sabuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya san tsohon birnin Kano ya san kududdufai, ramukan da aka haƙa ƙasar gini aka bari. Da damina su suke shanye ruwan unguwa su sake shi a hankali, su ne shokazobar birni. Da ƙasa ta yi tsada aka yi ta cike su da shara ana gini a kai, ruwa kuwa bai manta hanyarsa ba. A nan Ikko ma, mutanen Makoko sun daɗe da kafa gidajensu a kan turaku a cikin ruwa, suna shiga da fita da kwalekwale.

Mutanen Holan, waɗanda duniya ta san su da gina ganuwar tare ruwa, su ma sun zo kan wannan fahimta. A farkon 1995 koguna suka cika har aka kwashe mutane kimanin 250,000 daga gidajensu don tsoron kada ganuwa ta karye. Bayan wannan suka fito da wani shiri na bai wa kogi sarari a wurare fiye da 30. A garin Nijmegen, maimakon su ƙara wa ganuwa tsawo, sai suka ja da ita baya, suka haƙa wa kogin wani reshe da zai malala a ciki in ya cika. Masu arzikin da za su iya tauri ke nan, amma suka zaɓi sassauci, domin sun lura cewa ganuwar da aka ɗaga a nan ruwa take turawa ga garin da ke ƙasa.

Inda Misalin ya Gaza

Wajibi ne mu faɗi inda misalinmu ya tsaya, domin akwai haɗari a cikinsa. Mota ba ta zaɓar hanya, ba ta da bakin ƙorafi, aikinta ta jure duk abin da aka bi da ita. Mutum ba haka yake ba. In muka ce talaka ya zama shokazoba muka yi shiru, mun ba masu alhakin gyara hanya uzurin da suke nema, su yi ta yabon juriyarmu suna barin rami.

Akwai wani abu game da motar yaron nan da ya daɗe yana damunmu. An rage ta zuwa kashi ɗaya cikin goma, amma duniyar da take tafiya a ciki ba a rage ta ba. Tsakuwar da babbar mota ba ta ji ba, a wurinta dutse ne. Haka talaka yake. Ruwan da ya sauka a Ikoyi shi ya sauka a Ogba, amma wani inji zai tayar ya zuƙe nasa, wani kuwa jarinsa duka buhu biyu ne a ƙasan ɗaki. Akwai bugun da babu wani saiti na cikin gida da zai tare shi. Wane dokin ƙofa ne zai tsare mutanen Kano sa'ad da madatsar Bagauda ta ɓalle a Agusta 1988, ko mutanen Maiduguri sa'ad da ta Alau ta ɓalle a Satumba 2024? Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 a ƙasar nan ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu, ta 2022 ta kashe fiye da 600. Waɗannan al'amura ne na madatsai da manyan magudanai da tsarin gari, nauyinsu yana kan hukuma.

Kuma hukuma ma tana iya yin irin taurin da muka zarga. A Yuli 1990, zamanin gwamnan soja Raji Rasaki, aka rushe Maroko, aka kori dubban ɗaruruwan mutane, cikin dalilan da aka bayar har da cewa wurin kwari ne mai ambaliya. Daga baya aka cike filin, ya zama unguwar masu hali. Ruwa bai hana zama a wurin ba ke nan, an dai sauya wanda zai zauna. A ɗaya gefen, in hukuma ta yi abin kirki, kamar hana robobin kumfa na zuba abinci da gwamnatin Legas ta yi a Janairu 2024, nauyin bi ya dawo kanmu.

Saboda haka magana tana cikin haƙuri, ba kishiyarsa ba ce. Mu tuna da 'yan hujin nan na jikin fistin. In aka toshe su, shokazoba takan ƙage, in bugu ya yi ƙarfi ta fasa bakinta mai ya tsiyaye. Zaman 'yan haya, da taron ƙungiyar raya unguwa, da takardar koke zuwa ƙaramar hukuma, da ƙuri'a ranar zaɓe, su ne hujin da fushin jama'a yake bi ya fita a hankali ya zama aiki. Shugaban da ya toshe su yana ganin ya sami zaman lafiya, ajiya kawai yake yi wa kansa.

Kammalawa

A taƙaice, muna ganin akwai tambayoyi uku da mutum zai auna haƙurinsa da su. Ta farko, bayan na durƙusa, na miƙe kuwa, ko kwanciya na yi na sa mata suna ƙaddara? Ta biyu, nauyin da ya sauka daga kaina, ina ya tafi, narkewa ya yi ko kuwa yana kan matata, ko ɗana, ko maƙwabcina? Ta uku, shirun da na yi, ya kashe fitina ne ko ya bar ɓarnar da magana za ta gyara? Haƙurin da ya tsallake waɗannan uku shi ne wanda Hausawa suka ce mai shi yakan dafa dutse ya sha romo. Wanda ya faɗi a ɗaya daga cikinsu kuwa, wani abu ne dabam ya ari rigar haƙuri.

Game da yaron, mun ba shi haƙuri a kan faɗan da muka yi masa, ko da yake mun sa ya shanya littattafansa shafi-shafi. Mu ma da muna yara a gida mun yi motar kara da ta langalanga, muka yanka tsohon silifa muka yi taya, kuma a nan muka fara sanin cewa abin da aka ɗaure tamau shi yake fara karyewa. Yanzu duk ranar Asabar yana cikin masu yashe kwata, shi da jikokin Iya. In an gama an wanke hannu, sai su taru a bakin titi, ya ba su rimot ɗin su yi ta karɓa-karɓa, motar tana hawa tarin yashin da suka fitar tana sauka.